Yasasshen Kare a Bakin Gadon Majinyaci

A ƙasashen Amurka, Kanada da Birtaniya akwai wani nau'in aikin sa-kai da ya bunƙasa cikin shekara 50 da suka wuce, inda mutum yakan ɗauki karensa, bayan an hore shi an kuma jarraba halinsa, ya kai shi asibiti ko gidan kula da tsofaffi ko makaranta, domin mazauna waɗannan wurare su shafa shi, su yi masa magana, su ɗan manta da halin da suke ciki na tsawon sa'a guda. Kalmar sa-kai a nan tana ɗauke da ma'anarta ta asali, wato aikin da mutum ya ɗora wa kansa don Allah ba don albashi ba, saɓanin ma'anar da ta samu a 'yan shekarun nan ta masu tsaron ƙauyuka da makamai. Da yawa daga cikin karnukan da ke wannan zirga-zirga ba don ita aka haife su ba, domin wasu a kan titi aka tsince su, wasu masu su ne suka gaji da su suka miƙa su ga gidan mafaka, wasu kuwa hukuma ce ta ƙwato su daga hannun masu gallaza musu.

Gidan mafakar dabbobi wuri ne da ƙaramar hukuma ko wata ƙungiyar agaji take ajiye karnuka da kyanwowin da ba su da mai su, ta ciyar da su, ta yi musu magani da allurar rigakafi, ta dandaƙe mazan ta cire mahaifar matan don kada su ci gaba da hayayyafa, sa'an nan ta nema musu gidan da zai karɓe su. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa shi ne wanda wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe a Landan a 1860, wanda ya koma unguwar Battersea a 1871 kuma yana nan har yau. A Amurka, ƙungiyar ASPCA mai hana zaluntar dabbobi, wadda aka kafa a New York a 1866, ta ƙiyasta cewa kimanin karnuka miliyan 3 ne ke shiga gidajen mafaka kowace shekara, kuma dubban ɗaruruwa daga cikinsu ba sa fitowa da rai, saboda idan wuri ya cika kuma ba a sami mai ɗauka ba, akan yi wa kare allurar da za ta kashe shi cikin barci. Aiki mai yawa a waɗannan gidaje yana wuyan masu sa-kai ne: su ke wanke keji, su ke fita yawo da karnukan, su ke koya musu tafiya da igiya ba tare da fizga ba, kuma wasunsu sukan ɗauki kare zuwa gidajensu na 'yan makonni kafin a sami mai karɓarsa dindindin, abin da ya yi kama da riƙon yaro da Hausawa suka sani.

Akan rikita karen ziyara da karen ja-gora, alhali ayyukansu sun sha bamban. Karen ja-gora, irin wanda ke jan makaho ko ke faɗakar da kurma idan an ƙwanƙwasa ƙofa, yana yi wa mutum ɗaya tak hidima, horonsa yakan kai kusan shekara 2, doka ta ba shi damar shiga kanti da motar haya tare da ubangidansa, kuma ba a son baƙo ya taɓa shi yana bakin aiki. Karen ziyara kuwa na gida ne kamar kowane kare, ba ya shiga ko'ina sai inda aka gayyace shi, kuma aikinsa duka shi ne ya saki jiki da baƙi. Ita ma ziyarar iri biyu ce a wurin masana: akwai ta gaisuwa da ɗebe kewa, wadda ba ta da wani buri da aka rubuta, akwai kuma wadda ƙwararre yake tsarawa a cikin jinya, misali mai gashin ƙashi ya sa wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya riƙa taje gashin kare da hannun da ya raunana, ana ƙidaya yawan motsin ana rubutawa. Masu sa-kai sun fi yawa a nau'in farko.

Tarihin abin bai da tsawo sosai. An san cewa asibitin masu taɓin hankali da William Tuke ya buɗe a garin York na Ingila a 1796 yana ajiye ƙananan dabbobi a harabarsa don majinyata su kula da su, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu wata 'yar mitsitsiyar karya mai suna Smoky, wadda aka tsinta a wani rami a tsibirin New Guinea a 1944, ta riƙa zaga asibitocin soja tare da William Wynne, sojan Amurkan da ya saye ta. Amma wanda ya shigar da maganar cikin ilimi shi ne Boris Levinson, masanin halayyar yara a New York, wanda ya lura cewa wani yaro da ya ƙi buɗe masa baki ya soma magana da karensa Jingles, ya kuma wallafa maƙala a kan haka a 1962, wadda abokan aikinsa da dama suka yi wa dariya. A 1976 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Elaine Smith ta kafa ƙungiyar Therapy Dogs International a jihar New Jersey, a 1977 aka kafa wadda ake kira Pet Partners a yanzu, sai kuma Lesley Scott-Ordish ta kafa Pets As Therapy a Birtaniya a 1983.

Waɗannan ƙungiyoyi galibi ba sa tambayar asalin kare ko irinsa, halinsa kawai suke dubawa, kuma ta wannan ƙofa ce yasasshen kare ya sami shiga. Sai dai ba daga keji ake ɗauko shi a wuce da shi asibiti ba. Ƙa'idar Pet Partners ita ce kare ya cika shekara guda da haihuwa, ya kuma zauna aƙalla wata 6 a gidan wanda zai riƙa kai shi ziyara, domin karen da ya fito daga mafaka yakan ɗauki makonni yana ɗari-ɗari kafin ainihin halinsa ya bayyana, na kirki ko akasinsa. A ranar jarrabawa ana kwaikwayon abin da zai tarar a ɗakin marasa lafiya: baƙo zai duba kunnuwansa da tafukansa, wani zai shafa shi da hannu mai rawa, wani zai rungume shi ba zato, mutane za su kewaye shi suna ɗaga murya, za a yar da abu mai ƙara a bayansa, a wuce ta gabansa da keken guragu, a kuma kawo wani kare su haɗu. Ba a neman karen da ba ya firgita ko kaɗan, wanda ake nema shi ne wanda zai zabura ya kuma natsu nan da nan. Kuma ba kare kaɗai ake aunawa ba, har da mutumin, domin su biyun ake yi wa rajista tare, a kuma maimaita jarrabawar bayan kowace shekara 2, tunda tsufa da ciwo suna sauya hali.

Babu abin da ya girgiza tunanin Amurkawa game da yasassun karnuka kamar shari'ar Michael Vick, fitaccen ɗan wasan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka na ƙungiyar Atlanta Falcons. A 2007 'yan sanda suka bincike wani gidansa a ƙaramar hukumar Surry ta jihar Virginia, suka tarar da filin haɗa karnuka faɗa don caca, da karnuka kusan 50 na irin da ake kira pit bull, wasu a ɗaure da sarƙa jikin ƙarafan mota da aka binne a ƙasa. An yanke masa ɗaurin wata 23, aka kuma sa ya biya kusan dala miliyan 1 don kula da karnukan. Al'adar da aka saba a wancan lokaci ita ce a kashe duk karen da aka kama a gidan faɗa, har ma wasu manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi sun goyi bayan a yi haka, bisa hujjar cewa karen da aka raina don kisa ba ya gyaruwa. Kotu ta zaɓi wata hanya, ta sa ƙwararru suka auna karnukan ɗaya bayan ɗaya, kuma daga cikin 49 da aka auna, guda ɗaya kacal aka samu da zafin da ya sa dole a kashe. An rarraba 47 daga cikin sauran ga ƙungiyoyi daban-daban, 22 mafi wuyar sha'ani suka tafi mafakar Best Friends da ke jihar Utah.

Abin da masu kula da su suka gano shi ne cewa babbar cutar yawancin karnukan tsoro ce, domin akwai waɗanda ba su taɓa hawa matakala ba, akwai waɗanda da zarar mutum ya shigo sai su lafe a ƙasa su ƙi motsi. Da wata da watanni na haƙuri, da yawa suka shiga gidajen mutane suka zauna lafiya, wasu kuma suka ci jarrabawar ziyara: wani mai suna Leo ya riƙa zuwa wurin masu jinyar ciwon daji a Kalifoniya, wani mai suna Jonny Justice ya riƙa kwanciya a ɗakin karatu yara suna karanta masa littafi. Bai kamata a ƙara wa labarin gishiri ba, domin wasu daga cikin karnukan Utah sun ƙare rayuwarsu a mafakar ba tare da sun taɓa sakin jiki da baƙo ba. Abin da shari'ar ta tabbatar ƙarami ne amma mai nauyi: inda kare ya fito ba ya isa a yanke masa hukunci, sai an dube shi shi kaɗai.

A cikin ɗakin ziyara, nauyi mafi girma yana kan mai riƙe da igiya, kuma abu na farko da ake koya masa shi ne cewa shi wakilin karensa ne kafin ya zama baƙon majinyaci. Kare ba ya iya cewa ya gaji, amma jikinsa yana faɗa: hamma ba tare da barci ba, lasar leɓe, haki a ɗaki mai sanyi, kwantar da kunnuwa, kau da kai har farin idonsa ya fito, matse wutsiya tsakanin ƙafafu, ko daskarewa wuri guda, wadda ita ce alama mafi haɗari saboda daga ita sai gurnani ko cizo. Kaɗa wutsiya ma ba kullum take nufin murna ba. Mai sa-kan da ya ƙware yakan tsaya kusa da kan karen, hannunsa a jikinsa, ya nuna wa yara su shafa kafaɗa da ƙirji maimakon su danne shi ta sama, kuma idan ya ga alamun gajiya ya yi sallama ya fita, ko da akwai sauran mutum goma suna jira a layi. Wannan ficewa ita ce mafi wuya, domin tsohuwar da ba wanda ya zo gaishe ta tun makon jiya tana kallo, amma karen da aka taɓa yasarwa, idan aka tilasta masa jure abin da ya fi ƙarfinsa don mutane su ji daɗi, to an ci da guminsa karo na biyu. Akwai bambanci tsakanin karen da ke jure taɓawa da wanda ke neman ta, kuma na biyun ne kawai ya cancanci wannan aiki. Na farkon, komai biyayyarsa, gara a bar shi a gida.

Asibiti kuma yana da nasa tsoron. Wani bincike da Sandra Lefebvre da abokan aikinta suka yi a lardin Ontario na Kanada, wanda ya fito a 2006, ya sami ƙwayar cutar C. difficile mai haddasa gudawa a cikin kashin fiye da rabin karnukan ziyara 102 da aka gwada, kuma an san cewa gashin kare yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta daga gadon wani zuwa na wani kamar yadda hannun ma'aikaci yake yi. Saboda haka ƙungiyar masana hana yaɗuwar cututtuka a asibitocin Amurka ta fitar da shawarwari a 2015: a tsabtace hannu kafin taɓa kare da bayansa, a shimfiɗa zane idan zai hau gado, kada ya lashi mutum, kada ya shiga ɗakin da aka keɓe masu cuta mai yaɗuwa, kada a kawo karen da ake ciyarwa da ɗanyen nama, kuma kada ziyara ta wuce sa'a guda.

Karatu da kare na daga cikin abubuwan da suka fi karɓuwa. An soma shirin a birnin Salt Lake a 1999 a ƙarƙashin ƙungiyar Intermountain Therapy Animals, bisa lura cewa yaron da ke in-ina a gaban aji saboda tsoron dariya yakan saki baki a gaban kare, wanda ba ya gyara masa kuskure kuma ba ya gundura. A 2015 wata mafaka a birnin St. Louis na jihar Missouri ta juya abin, ta riƙa gayyatar yara masu shekara 6 zuwa 15 su zauna a gaban kejin karnukan da suka fi tsoro su karanta musu littafi da murya ƙasa-ƙasa, domin karen da ya saba fitowa gaban keji ya fi saurin samun mai ɗauka fiye da wanda ke maƙale a lungu. Amfanin da kare yake samu daga zama da mutum abu ne da aka auna ta hanyar kotizol, wato sinadarin da jiki yake fitarwa idan yana cikin damuwa: Lisa Gunter ta jami'ar jihar Arizona ta nuna a 2019 cewa kwana ɗaya ko biyu a gidan mai riƙo yana saukar da kotizol ɗin karen mafaka, ko da yake yakan koma yadda yake da zarar an mai da shi keji.

A gidajen yari kuwa karen yakan zauna ne, ba ziyara yake zuwa ba. Pauline Quinn, wadda daga baya ta zama 'yar zuhudu, ta soma shirin horar da karnuka a gidan yarin mata na jihar Washington a 1981, kuma a 1993 Joan Dalton ta kafa Project POOCH a gidan gyaran halin matasa na MacLaren a jihar Oregon, inda ake ba saurayin da ke tsare karen mafaka ya ciyar da shi, ya yi masa wanka, ya hore shi da lallashi da tukuici ba da duka ba, har ya kai matsayin da wani gida zai karɓe shi. Saurayin da ya tashi a inda ake samun biyayya da ƙarfi yakan ga da idonsa cewa tsawa tana mai da kare baya, haƙuri yana jawo shi, sa'an nan a ƙarshe dole ya miƙa abin da ya shaƙu da shi ga wasu mutane, wanda shi ma darasi ne mai ciwo.

Game da amfanin da mutane ke samu, gaskiyar magana ita ce shaidar ilimi ba ta kai zumuɗin masu aikin ba. Binciken Erika Friedmann na 1980, wanda ake yawan ambata, ya bi masu ciwon zuciya 92 na shekara guda, ya ga mutum 3 sun rasu cikin 53 masu dabbar gida, 11 kuma cikin 39 marasa ita, amma wannan bai raba tsakanin tasirin dabbar da yiwuwar cewa masu ƙarfin jiki ne dama suke iya riƙe dabba ba. Patricia Pendry ta jami'ar jihar Washington ta nuna a 2019, da ɗalibai 249, cewa minti 10 na shafa karnuka da kyanwowi yana rage kotizol a miyau. Sai dai babban gwajin da aka yi a asibitocin yara 5 na Amurka da yara 106 masu ciwon daji, wanda ya fito a 2018, bai sami wani bambanci mai yawa ba a damuwar yaran da kare ya ziyarta da waɗanda bai ziyarta ba, ko da yake iyayen sun ɗan sami sauƙi, karnukan kuma ba su nuna alamar wahala ba. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne sassauci na ɗan lokaci da ɗebe kewa, kuma ga wanda ya yi wata uku yana kallon silin, wannan ba abin rainawa ba ne, muddin ba a kira shi magani ba.

Ga Bahaushe, kare na farauta ne da gadi da bin garke, ba na hawa gado ba, kuma akwai hadisai da suka taƙaita ajiye shi ga irin waɗannan buƙatu. Duk da haka mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, tana kuma fassara wanke ƙwaryar da ya lasa sau 7 da cewa bin umarni ne na ibada, saɓanin Shafi'iyya da ke ganin najasa ce. Labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa kuwa sananne ne a Bukhari da Muslim. Wannan saɓani yana bayyana a asibitocin Birtaniya da Amurka, inda Musulmi suke kwance tare da kowa, shi ya sa ƙa'idar aikin ta tilasta wa mai sa-kai ya tsaya a bakin ƙofa ya nemi izini, ya kuma wuce ba tare da neman dalili ba idan an ce a'a, ko don addini ne, ko tsoro, ko borin jini.

Ɓangaren aikin da ya fi kusa da buƙatar Nijeriya da Nijar shi ne na wayar da kai, inda masu sa-kai suke shiga makarantu da natsattsen kare su koya wa yara yadda ake zama lafiya da karnuka: kada a taɓa mai cin abinci ko karya mai shayarwa, kada a jefi na kan titi, kuma idan baƙon kare ya tunkaro, a tsaya cik, hannuwa a jiki, ido a ƙasa, domin gudu ne ke tayar masa da sha'awar bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar ba ta da magani idan alamunta suka bayyana, amma yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura yana katse yaɗuwarta, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa allurar karnuka. Wanda kare ya ciza kuwa, abin da ake so ya fara yi shi ne ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sa'an nan ya nufi asibiti a ranar don karɓar allura, ba tare da jiran ganin ko karen zai haukace ba.